Wa Ya Cancanci Ragin Taki?

A kasuwa ragi ba ya buƙatar takarda. Mai shago zai dubi fuskarka, ya tuna mahaifinka, ya tuna ko bara ka biya a kan lokaci ko kuwa sai da aka yi ta aike, sannan ya ce, "Kawo abin da ke hannunka." Kafin ku gama gaisawa ya gama lissafin nan a cikin kansa. Ranar da aka ce kwamfuta ce za ta yanke wannan hukunci, sai a tarar ita ba ta san uban kowa ba. Abin da aka rubuta mata ta sani, kuma yadda aka tambaye ta haka za ta ba da amsa, ko da tambayar a karkace take.

SIWES ɗina na wata huɗu bayan ND I a wani shagon kayan noma na yi shi, nan cikin garin Kazaure. 'Yan ajinmu da suka samu wuri a Kano da Dutse sun sha yi mini tsiya, wai ɗan Kimiyyar Kwamfuta ya ƙare a tsakanin buhunan kamfa da yuriya. Ban damu ba, domin shagon yana da manhajarsa ta intanet, wadda wani ɗan'uwan Alhaji mai shagon ya rubuta da Django kafin ya tafi bautar ƙasa. Masu saye kuwa daga ko'ina suke zuwa: ƙauyukan Roni da Gwiwa da 'Yankwashi, har da mutanen Babura, duk da ita a masarautar Ringim take. Manoman gero da dawa da gyaɗa da riɗi ne a damina, da rani kuma masu lambu.

Dokar Alhaji a baki ba ta da wuya. Yana rage kashi 5 cikin 100 ga manomin da ke cikin ƙungiyar da ta ƙulla yarjejeniya da shagon, in ya biya kuɗin ƙungiyarsa na shekarar, kuma ba a binsa bashin bara. Wanda ya sayi buhu goma ko fiye a kakar da ta wuce ana ƙara masa wani abu a kai. Kada ka raina kashi biyar ɗin nan. A ce buhu naira 40,000 ne, ragin ya zama 2,000 a kowane buhu, buhu goma 20,000 ke nan. Ga mai gona wannan kuɗin 'yan ƙwadago ne na noman farko. Kukan Alhaji shi ne ragin da ke fita ya fi abin da ya ƙiyasta, alhali wasu da ya san sun cancanta suna kai masa ƙara cewa na'ura ta hana su. Ya ce mini, "Ɗan Poly, duba mini abin nan, ko shi ne ba shi da hankali ko yarana ne."

Ga waɗanda ba 'yan sashenmu ba, Django wani tsari ne na gina shafukan intanet da yaren Python. A ofishin wata jarida aka ƙirƙire shi, Lawrence Journal-World da ke jihar Kansas a Amurka, Adrian Holovaty da Simon Willison ne suka fara shi, aka sake shi ga jama'a kyauta a 2005. Babban abin da ya sa ɗalibai ke son sa shi ne ba sai ka rubuta SQL da hannunka ba. Kai dai ka bayyana abubuwanka da Python, shi ya mayar da kowanne tebur a rumbun bayanai, in ka yi tambaya kuma ya fassara ta. Sauƙi ne, amma sauƙin yakan sa mutum ya daina duba abin da aka fassara.

Manhajar shagon tebur shida gare ta: Manomi, Ƙungiya, Mamba, Ciniki, Biya da Bashi. Mai karatu zai ce me ya sa ba a zuba komai a littafi ɗaya ba, kamar yadda ake yi da babban littafin shago? Amsar tana cikin wata takarda da Edgar Codd na kamfanin IBM ya wallafa a 1970, wadda a kanta aka gina yawancin rumbunan bayanan da muke amfani da su: kowace gaskiya a rubuta ta sau ɗaya a wuri ɗaya, sauran wurare su riƙa nuna ta da lamba. In ƙungiya ta canza suna, layi ɗaya za ka gyara, ba ɗari uku ba. Wannan lambar da ke nuni ita Django ke kira ForeignKey, ni kuwa igiya nake ce mata. Kowane ciniki yana ɗaure da igiyar manomin da ya yi shi. Tebur ɗin Mamba igiya biyu gare shi, ɗaya a wuyan manomi ɗaya a wuyan ƙungiya, da gurbin da ke nuna ko an biya kuɗin bana. Saboda haka tambayar "wannan mutumin ya cancanci ragi?" ba ta da amsa a tebur ɗaya. Sai an bi igiyoyi, daga Manomi zuwa Mamba zuwa Ƙungiya, a dawo a leƙa Bashi.

A nan na tarar da ɓaraka ta farko, kuma ita ce ta fi ba ni sha'awa. Ga yadda aka rubuta tambayar:

Manomi.objects.filter(mamba__kungiya__yarjejeniya=True).filter(mamba__ya_biya=True)

Ga kuma yadda dokar Alhaji take nufi:

Manomi.objects.filter(mamba__kungiya__yarjejeniya=True, mamba__ya_biya=True)

Dube su da kyau. Kalmomin ɗaya ne, bambancin kawai a ta farko an yi tankaɗe sau biyu, a ta biyu an haɗa sharuɗɗan a rariya ɗaya. In mutum ƙungiya ɗaya yake ciki, amsar duka biyun ɗaya ce, shi ya sa wanda ya gwada da sunaye biyar na wasa ba zai ga komai ba. Amma in yana da biyu, labari ya canza. Da na rasa yadda zan bayyana wa babban yaron shagon, sai na ce masa: a ce Hakimi ya yi shela, duk mai mata 'yar Roni malamar makaranta ya zo ya karɓi kyauta. Sai ga mai mata biyu ya taso, uwargida 'yar Roni ce amma ko allo ba ta riƙe wa kowa ba, amarya malama ce amma daga Daura aka kawo ta. A tambaya ta farko ya ci kyauta: yana da mata 'yar Roni? E. Yana da mata malama? E. A ta biyu kuwa sai ya koma gida, domin mace ɗaya ake nema mai siffofin biyu. Yaron ya yi dariya har da buga kanta, ya ce, "Wallahi irinsu sun fi ashirin a nan."

Gaskiyarsa. Manomi yakan shiga ƙungiyar garinsu mai yarjejeniya da Alhaji, ya daina biya shekara biyu, ya koma wata sabuwa da aka kafa don neman tallafin noman rani, wadda ba ruwanta da shagon, can yake biya. Na'ura ta ga yarjejeniya a layi ɗaya, ta ga biya a wani layin, ta haɗa masa su. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi sata, kuɗi dai na zurarewa. Kuma wannan halin ba aibi ne a Django ba. Da gangan aka yi shi haka, an bayyana shi ɓaro-ɓaro a littafin jagorarsa, don akwai lokacin da tambaya ta farkon ce kake so. In kana neman ɗalibin da ya taɓa cin A a wani kwas, kuma ya taɓa ɗaukar kwas mai yunit uku, ko ba kwas ɗaya ba ne, ita za ka yi amfani da ita. Ƙarin gargaɗi ga 'yan aji: exclude ba ya bin wannan ƙa'idar yadda filter ke bi. Ko ka haɗa masa sharuɗɗa biyu wuri ɗaya, ba lallai ya auna su a kan layi ɗaya ba. Don haka sharaɗin "ba a binsa bashi" da Exists na rubuta shi, na kife shi: a nemo ko akwai layin bashi na wannan mutum da bai rufu ba, in babu ya wuce.

Ɓaraka ta biyu ta buhu goma ce. An so a nuna jimlar buhunan da mutum ya saya da jimlar kuɗin da ya biya a tambaya ɗaya, sai aka tara su tare da annotate. Matsalar ita ce in ka haɗa tebur biyu da kowanne ke da layuka da yawa a kan mutum ɗaya, rumbun bayanai ninka su yake yi. Wanda ya zo sau huɗu yana ɗaukar buhu ɗai-ɗai, ya biya a kashi uku, layi goma sha biyu zai fito masa, huɗu sau uku. Buhunansa huɗu sun zama goma sha biyu, ya shiga sahun manyan masu saye. Abin dariyar, wanda ya fi wahalar da shago wajen biya kaɗan-kaɗan shi ya fi samun lada, mai biya lakadan kuwa lissafinsa daidai yake fita, ba ƙari. Maganinta raba tambayar ne, kowane jimla a ƙaramar tambayarsa.

Akwai kuma nauyin shafi, wanda ba zan tsaya a kansa ba don duk wanda ya yi darasin rumbun bayanai ya ji shi. Shafin jerin manoma yana tambaya ɗaya don ya ɗauko sunaye, sannan ga kowane suna ya sake komawa neman ƙungiyarsa. Sunaye ɗari biyar, tambaya ɗari biyar da ɗaya. A kwamfutar cinyarka ba za ka ji ba, amma a watan Yuni, mutane sun yi layi da babura a ƙofar shago, ga hadari ya haɗo, za ka ji a jikinka. Da select_related da prefetch_related aka mayar da su 'yan tambayoyi ƙalilan. In kuma "e" ko "a'a" kawai kake nema, exists ya ishe ka, ba sai ka ƙirga duka ba.

Duk waɗannan cikin mako uku aka gama su, kuma da a nan abin ya tsaya da ban rubuto wa mujallar nan ba, da a littafin rahoton SIWES zai ƙare. Abin da ya tsaya mini a rai wani saurayi ne daga wani ƙauye a ƙasar Gwiwa. Ya zo da katin mahaifinsa, domin gonarsu ta gandu da sunan tsohon aka yi mata rajista, shi kuwa ya rasu da rani. Ƙungiyarsu tana da yarjejeniya, an biya kuɗin bana, amma akwai ragowar bashin bara a kan mamacin. Na'ura ta ce a'a, kuma bisa abin da aka rubuta mata daidai ta faɗa. Alhaji yana Kano ranar. Saurayin bai yi musu ba, ya ƙirga kuɗinsa, buhu shida ya zo ɗauka ya tafi da biyar. Da Alhaji ya dawo ya ji, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ashe tun ranar da ya je ta'aziyya ya yafe bashin, a gaban 'ya'yan mamacin, domin ya san nauyin bashi a kan wanda ya rasu, kuma sai an biya shi kafin a raba gado. Shi ya yafe, su sun ji, amma a rumbun bayanai babu gurbin yafiya. Bashi dai ko an biya ko ba a biya ba.

Babban yaron shago ya kawo shawara biyu. Ta farko a goge mamacin gaba ɗaya, a buɗe wa ɗan sabon suna. Na nuna masa cewa igiyoyin duka da CASCADE aka ɗaura su, wato in ka goge manomi, cinikinsa da biyansa da bashinsa duk su bi shi, lissafin shagon na shekarun baya ya canza ba wanda ya sani. Nan take na mayar da su PROTECT, wanda ke hana goge duk wanda ke da ciniki a ƙarƙashinsa. Ta biyu a rubuta an biya. Wannan kuma zai sa littafi ya nuna kuɗin da ba su shiga aljihun tebur ba, ƙarshen wata a zargi yaron da ke kan kanta. Sai na ce a ƙara tebur na bakwai, Yafiya, mai igiya zuwa Bashi, da ranar da aka yafe da wanda ya yafe.

Ban zaci a nan za a ja ba. Alhaji ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaro, abin da na yi don Allah shi za ka sa a allo, yaran shago su riƙa karantawa? Gobe a ji a kasuwa gidan wane sun ci bashi an yafe musu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, in ba a rubuta ba, duk ranar da ba ka nan za a sake hana su." Ya ce, "To ka nemo dabara. Ai karatun ke nan."

Kwana biyu ina juya maganar. A aji an koya mana cewa bayanai masu kyau su ne cikakku, ba gurbi fanko, ba maimaici. Ba a taɓa ce mana akwai gaskiyar da dole na'ura ta sani amma bai kamata ta faɗa ba. Dabarar ashe tana cikin Django tuntuni, a tsarinsa na izini, inda kowane tebur yake da izinin gani da na ƙarawa da na gyara da na gogewa, ka ba wanda ka ga dama. Tebur ɗin Yafiya Alhaji kaɗai ke ganinsa. Tambayar cancanta kuwa tana leƙa shi a ɓoye: bashin da ke da yafiya ba a ƙirga shi. Abin da yaron kanta zai gani shi ne "ba a binsa bashi", daidai da na wanda ya biya da guminsa. Alhaji ya sa aka kai wa saurayin buhu na shida a kan babur, da canjinsa.

Daga nan na canza wani abu da ba a ce in canza ba. Da, amsar na'urar kalma ɗaya ce, ya cancanta ko bai cancanta ba. Na sa ta riƙa faɗin dalili da Hausa: "Ƙungiyarka ba ta da yarjejeniya da shago," ko "Ba a ga biyan kuɗin ƙungiya na bana ba." A ra'ayina duk manhajar da za ta ce wa mutum a'a ba ta gaya masa a wane sharaɗi ya faɗi ba, ba a gama rubuta ta ba. Kowannenmu ya san yadda ake ji in shafin rajista ko na neman tallafin karatu ya ce ba ka cancanta ba, shi ke nan, ba ƙarin bayani, ka rasa ofishin da za ka nufa. Manomin da aka gaya wa dalili yakan ce, "Ai na biya, rasit yana wajen sakatare," ya kira a waya, a gyara a take. Sau da yawa ba shi ne bai biya ba, sakataren ƙungiyar ne bai kawo jerin sunayen ba. Dalilin bashi kaɗai na bari a rufe, yaron kanta ya gani a allonsa ya faɗa masa a hankali, ba a gaban layi ba.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramin lamari ne na shago ɗaya. Iyayenmu manoma suna tuna shirin GES da aka fara a 2012, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan gona, inda manomin da ya yi rajista yake samun saƙo a waya ya je wajen dila ya karɓi buhu biyu na taki a rabin kuɗi. A bayan wannan saƙon tambaya iri ɗaya ce da tawa: wannan lambar wayar ta wane ce, yana cikin rajista, a wace mazaɓa, ya riga ya karɓa ko bai karɓa ba? Wani ne ya zauna ya rubuta ta, kuma yadda ya ɗaura igiyoyinsa ya shafi gonakin mutanen da bai taɓa gani ba. Waɗanda za su rubuta irinta nan gaba suna nan a ajujuwanmu, da na cibiyar koyon fasahar sadarwa da ke garin nan, da na sabuwar jami'ar fasaha ta Babura da aka kafa a 2021. Mu da muka tashi a ƙauyukan nan mun san abin da mai rubuta manhaja a Legas ko Indiya ba zai sani ba: cewa waya ɗaya tana iya zama ta gida guda, cewa a unguwa ɗaya za ka samu mutum uku masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya sai da laƙabi ake rabe su, cewa mace mai gayaunarta ta riɗi ƙaninta ko ɗanta take aikowa, sunanta bai taɓa shiga littafin shago ba.

Wanda na bari ban warware ba shi ne gandu. Manhajar ta ɗauka mutum ɗaya ne ke saye, shi ke noma, shi ke cin bashi. A gidaje da yawa kuwa uba ne ke riƙe da suna, 'ya'ya ke aiki, kowannensu kuma yana da 'yar gayaunarsa da yake saya wa taki da kuɗinsa. Kafin in bar shagon na zana wa Alhaji tebur na takwas a bayan wani rasit, Gida, wanda manoma da yawa za su rataya a jikinsa, bashin gandu ya zauna a kan gidan, na gayauna a kan mai ita. Ya duba ya ce ya yi, sannan ya tambaye ni: in gandun ya watse, 'yan'uwa huɗu kowa ya kama gabansa, akwai sauran bashin buhu uku, wa za a hana ragi a cikinsu? Babban yaron shago ya ce babbansu. Alhaji ya ce ba haka ake yi a Roni ba, a can sai an zauna da dagaci. Yaron ya ce ai shi ɗan Roni ne, kuma a gidansu babban ne ya biya. Har aka kira la'asar suna wannan gardamar, rasit ɗin yana hannuna.